Ɗan Azumi da Motar da Ta Ƙi Ɗumi

Yayana Ɗan Azumi bakanike ne, kuma duk Tasawa ba ka samun wanda zai ce bai iya aikinsa ba. Ni ma ban taɓa cewa haka ba. Abin da na ce, kuma har gobe ina nan a kan bakana, shi ne Allah bai yi mai taurin kai irinsa ba, in ka cire uwar da ta haife mu. Ni ce Zara'u, ƙanwarsa. Shekara da shekaru teburin shinkafa da wakena yana bakin garejinsa, ƙarƙashin bedi, wato dogon yaro, hayaƙin motocinsa na shigar mini miya, saboda haka ba labarinsa aka ba ni ba.

A Gidan Ƙadri aka haife mu, wani ɗan ƙauye bayan El Alasan Mai Rairai, inda in ka taka ƙasa sai ƙafarka ta nutse har idon sawu. Sunansa na yanka Abdurrahamane, amma da yake cikin azumi ya zo, sai laƙabin ya danne sunan. Innarmu A'i kuwa ba ta kiran ko ɗaya. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa. Tun ina 'yar ƙarama ni ce 'yar aike tsakaninsu, ko da kuwa tabarma ɗaya ce ta raba su. Sai ta ce, "Ki gaya ma wancan tuwo na hucewa." Shi kuma yana zaune yana ji, amma sai na maimaita sannan ya miƙa hannu.

Noma bai taɓa shiga ransa ba. Babanmu Mamudu ya yi faɗa, ya yi lallashi, duk a banza. Wata kaka motar masu sayen gyaɗa ta lalace a kasuwar El Alasan, ya tsaya kallon yadda ake kwance ta, da ta tashi sai ta tashi da shi. A Maraɗi ya zauna ya koyi aiki. Ya dawo Tasawa da gemu, da akwatin kayan aiki, da wata aƙida guda da ya riƙe kamar farilla, wato cire kalorsta.

Kalorsta wani ɗan abu ne na tagulla, bai fi ƙwan kaza ba. Yana zaune a bakin tiyon ruwa, yana tare ruwan kada ya zagaya radiyata har sai inji ya yi zafi, sannan ya buɗe. Yayana ya tsane shi kamar ya taɓa yi masa sata. "Nasara ya yi shi don ƙasarsu, inda ruwa ke zama dutse," haka yake faɗa wa duk mai saurare. "Mu nan rana kaɗai ta isa ta dahwa inji." Gaskiya ne duk kanikawan ƙasarmu cirewa suke yi, amma nasa ya yi yawa. Ko ƙaho ka kawo a gyara maka, kafin ka gama gaisawa da ni ya buɗe kapo, murfin inji, ya zare maka kalorsta, ya ce sadaka ya yi maka. Yana shirya su a waya yana ratayewa a reshen bedin, in iska ta kaɗa suna ƙara a saman kaina. Na sha ce masa wata rana ɗaya zai faɗo mini cikin tukunya, ya ce ai nama ya ƙaru.

A farin farko, shekarar da soja suka karɓi mulki, Baba ya kwanta. Tsakiyar ɗari ne. Aka sa shi bayan wata babbar mota da asuba za a kai shi wajen likita a Mayahi, iska ta yi ta dukansa a kan buhuna, kafin a isa ƙirjinsa ya kama. Bai dawo gida ba. Tun daga ranar Inna ba ta ce ciwo ya kashe mijinta ba, ba ta ce yunwa ba, mota take cewa. Ba ta ƙara taka ko matakalar mota ba.

Sai ga fari na biyu, bayan daminar 1984 da ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Mutanen Gidan Ƙadri suka watse, wasu kudu, wasu bakin gari inda ake rabon jar dawa ta agaji. Aka bar tsofaffi kaɗan da wata maƙwabciyarmu, Furera, wadda ita ke dafa wa Inna anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci da ake ci in yunwa ta zo, da ɗan abin da muke aikawa. Mun yi da ita ta dawo Tasawa har mun gaji. Da ɗari ya shigo sosai, sai Furera ta aiko cewa Inna na tari, kuma tarin ba na wasa ba ne.

Muka bi motar kasuwa zuwa El Alasan, muka ƙarasa a ƙafa. Muka iske ta kwance gefen murhu, ta zama ƙashi da fata, in ta ja numfashi kana jin ƙirjin na kuka daga bakin ƙofa. Ɗan Azumi ya durƙusa waje, ni na shiga. Na ce mata likita za mu kai ta.

"Ki gaya ma wancan," in ji ta, "abin da ya ci ubanshi ba ya ci na. Nan ni ka mutuwa kusa da wutata."

Daga waje ya ce, "Ki ce ma Inna ba baya za ta zamna ba. Gaba za ta shiga, kuma akwai mota mai hura ɗumi, kamar ɗakin mai jego."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari mai tsawo. Da ta samu kanta ta ce, "Ki ce mashi ƙarya ba ta kamace shi ba da gemunshi. In akwai, shi kawo ta ƙohwar gidan ga. In sa hannuna in ji ɗumin da kaina, sannan ni shiga. In ban ji ba, kada wanda ya taɓa ni."

Ya ce ya ji, ya yarda. Ni a lokacin har daɗi na ji, na ɗauka magana ta ƙare. Ina zan san cewa mutum biyu masu kai ɗaya ne suka ƙulla alkawari, ni kuma na shiga tsakani?

Mota ita ce matsala ta farko. Soja sun tattara duk wata mai ƙafa huɗu a gari suna jigilar hatsin agaji da ita. Wadda za mu iya samu ita ce Pijo 404 mai buɗaɗɗen baya ta Alhaji Na Allah, wani ɗan kasuwa da yayana ya daɗe yana yi wa gyara. Ana sakin ta ranar Alhamis da hantsi don a duba lafiyarta, ta koma bakin aiki bayan sallar Juma'a. In an makara, akwai wani laftanan da ba ya tambayar dalili. Matsala ta biyu rairayi. Hanyar garinmu ba ta biyuwa da rana, don in rana ta gasa rairayin sai ya saki, mota ta nutse har ciki. Sai da yamma lis ko da sassafe, lokacin da sanyi ya ɗaure shi. Ke nan mu tafi yammacin Alhamis, mu kwana, mu ɗauko ta da asubar Juma'a, daidai lokacin da ɗarin ke yanka kamar wuƙa.

Ranar Alhamis Laminu, direban Alhaji, ya kawo motar. Ɗan Azumi ya ce in bar teburina in shiga gaba in zauna inda Inna za ta zauna, in tara hannu a bakin ramin da iska ke fitowa. Ya ta da inji, ya ja wani ɗan maɓalli da na tabbata tun da aka ƙera motar ba wanda ya taɓa ja. Shofaji, in ji shi, abin hura ɗumin ke nan. Farfela ta yi gurnani, ta watso mini busasshen kashin ɓera a zane, sannan iska ta biyo baya.

"Kin ji ɗumi?"

"Sanyi ni ka ji."

"Jira inji shi yi zahi."

Na jira. Masu sayen abinci suka zo suka tsaya suka tafi, ina kallonsu ta gilashi. Iskar nan ba ta canza ba.

Ya ce ba komai, abu ne mai sauƙi. Ya bayyana mini, ko da yake ban tambaya ba, cewa akwai wani ƙaramin radiyata ɓoye a gaban ƙafafuna, ruwan zafi daga inji ke ratsa shi, farfela ta huro iska ta cikinsa. In iska ta fito da sanyi, to ko ruwan bai kai can ba, ko ya kai amma ba shi da zafi. Ya kashe inji ya buɗe murfin babban radiyata, ya leƙa, ya kalli Laminu. Ruwan ya yi ƙasa sosai. Aka kira mai garuwa, a shekarar da mutane ke kwana layi bakin rijiya, aka ɗura wa ƙarfe ruwa yana ta sha. Ya matsa tiyo da hannu har kumfar iska ta daina fitowa. Ya sake tayarwa.

"Yanzu hwa?"

"Sanyi, Yaya."

Ya kwanta a ƙasan sitiyari, ƙafafunsa a waje, ya gano ɗan famfon da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa ƙaramin radiyatan. Tsatsa ta cinye shi, ya ƙafe a rufe. Ya ɗiga masa mai, ya ƙwanƙwasa, ya lallaɓa, ya zage shi, har ya juya. Ya fito yana murmushi, ya ce wannan karon in shirya cire mayafi. Na tara hannu. Sanyi.

Sai ya tsaya yana kallon allurar da ke nuna zafin inji. Ta ɗan ɗaga kaɗan ta tsaya, kamar mai jin ƙyuya. Na ga fuskarsa ta canza. A hankali ya ce, "Babu kalorsta cikin motar ga."

"Wa ya cire?" na tambaya, alhali na sani.

Laminu ne, da ba ya iya riƙe bakinsa, ya ce, "Kai ka cire shi, maigida, tun ranar da anka sawo ta. Har ka ce sadaka ka yi ma Alhaji."

Duka muka ɗaga kai muka kalli reshen bedi. Wayam. Wata biyu kafin nan, da abinci ya yanke a gidansa, yayana ya sauke wayar nan gaba ɗaya ya kai wa Danda maƙeri, ya karɓo dawa 'yar tiya kaɗan. Shekara goma da ɗoriya yana tara abin da ya ce ba shi da amfani, ranar da amfaninsa ya zo babu ko ɗaya. Kantin kayan mota kuwa ba a maganarsa, iyakar ƙasa na rufe, kuma wa zai ajiye kalorsta a kanti a garin da Ɗan Azumi ke aiki?

Ya tafi maƙera da sassarfa, na bi shi don na san in na bar shi gardama zai tsaya yi. Danda ya ce ya narke su tuni, sun zama zobba da awarwaro, wasu ma suna hannun matan garin Kanan Bakashe. Muka zazzage buhun tarkacensa a ƙasa muna tonawa kamar kaji. Can ƙasa muka sami biyu, ɗaya a lotse, ɗaya baƙi ƙirin. Muka dawo, ya ce in ɗora ruwa. A tukunyar shinkafata, wadda nake ciyar da mutane da ita, ya jefa su yana kallo. Lotsattsen bai motsa ba. Baƙin, da ruwa ya kusa tafasa, sai ya buɗe baki a hankali. Yayana ya yi kabbara kamar an yi masa haihuwa. Na ce masa ai ga shi nama ya ƙaru, bai yi dariya ba.

Kafin ya ɗaura shi ya mai da ruwa, an yi la'asar. Wannan karon allura ta hau ta tsaya tsakiya, inji ya yi zafi yadda ake so. Na koma mazaunina na tara hannu, ina addu'a a zuci.

"Zara'u?"

Wallahi na so in yi masa ƙarya. Na ce, "Sanyi."

Ya zagayo ya kama tiyo biyu da ke shiga wajen ƙaramin radiyatan. Ya taɓa na farko ya janye hannu da sauri, zafi. Ya taɓa na biyu ya riƙe, ya ci gaba da riƙewa. "Ruwa na zuwa, ba ya hita," in ji shi. "Ya toshe daga ciki."

Nan na fashe. Na ce rana na faɗuwa, mu tafi haka nan. Ina da bargo, matarsa na da bargo, mu naɗe Inna mu rufe gilashi, wa ya ce sai iska ta yi ɗumi? Ya ce ta ce sai ta sa hannu ta ji. Na ce to mu sa kaskon garwashi a ƙafarta. Ya ce cikin motar da ke warin esansi, ko'ina fetur, so nake in ƙone ta da rai? Na ce mu ɗauke ta da ƙarfi, nauyinta nawa yake? Ya dube ni ya ce, "Ke kina iya kama ta tana cewa a sake ta? Ni ban iyawa. Ban taɓa yi mata alkawali ba sai wanga, don ba ta taɓa roƙona komi ba." Na ce alkawarin banza, rai ake magana. Na faɗi maganganu da yawa a bakin garejin nan, har masu wucewa suka tsaya. Shi kuwa ya riga ya koma ƙarƙashin sitiyari yana kwance ƙusoshi. Ranar ba mu tafi ba.

Da safiyar Juma'a ya fito da ƙaramin radiyatan, ɗan abu kamar akwatin sabulu. Ya kafa baki a ƙofa ɗaya ya busa, kumatunsa suka kumbura, ko iska ba ta wuce ba. Ya zura waya ya jawo. Abin da ya biyo wayar kore ne, mai yauƙi, yana ja kamar ba zai tsinke ba. Ni da nake tuƙa tukunya kullum ban bukaci a gaya mini ba. Na shinshina na ce, "Wannan ai kuka ce."

Laminu ya fara sosa ƙeya. Ya ce babban radiyata ya daɗe yana yoyo, kuma kowane direba ya san maganin yoyo a daji: ka zuba garin kuka cikin ruwan, ya yi kauri, ya toshe hujin. Ya ce tun bara yake yi, duk sanda ta fara ɗiga sai ya ƙara hannu guda. Ban san sanda na ɗaga muciya ba. Mutane na cin anza, yara na lasar ganye, shi yana kaɗa wa mota miya! Ɗan Azumi ya riƙe mini hannu, ya ce in bar shi, ba shi ya fara ba, shi ma ya taɓa yi a hanyar Dakoro. To ka ji. Ɗaya ya cire abin da ya kamata ya bari, ɗaya ya zuba abin da ya kamata ya sha, uwata kuma na can tana tari.

Na sake ɗora ruwa, muka jiƙa kanwa, ya ɗura wa ɗan radiyatan ya girgiza, ya haɗa da famfon keke ya yi ta bugawa ta baya. Kore ya fito, baƙi ya fito, sannan ruwa ya wuce garau. Ya zubar da duk ruwan motar ya wanke ta ciki, ya mai da komai wurinsa, ya tayar. Na tara hannu ba tare da na sa rai ba. Sai na ji wani abu na taɓa mini tafin hannu, a hankali, kamar numfashin jariri. Ya ƙaru. Ɗumi ne, ɗumi na gaske, har cikin yatsu. Na yi guɗa ban sani ba.

Guɗar ba ta gama fita bakina ba Laminu ya ce, "Maigida, dubi ƙasa." Ruwa ne ke tsiyaya daga gaban motar, ya yi 'yar kwata yana bin ƙasa. Kukar da muka wanke ita ce dama ke riƙe da babban radiyatan. Yanzu huji uku sun buɗe, sai an sauke shi an like da dalma, aikin yini guda. Ga ladan ya fara kiran Juma'a, ga laftanan na jira. Ina tsaye ina kallo yayana ya sake kwance ɗan radiyatan da muka sha wahalar wankewa, ya haɗe tiyo biyun da juna, ya juya baya don kada ya gani, Laminu ya kwance ƙullin garin kuka daga aljihu ya zuba. Mota ta tafi ɗaukar dawa. Sai wata Alhamis.

Ban yi masa magana ba. Na rufe teburina na bi motar kasuwa na tafi wajen Inna. Satin nan ban son tuna shi. Tana cin cokali biyu na kunu ta kau da kai. Da dare ni da Furera muna jingina ta da bango don ta samu numfashi. Na roƙe ta ta bari a sa ta a amalanke da rana tsaka, a hankali, ko El Alasan ne mu kai. Ta ce ta riga ta yi magana da wancan. Kullum da safe sai ta tambaya, "Yau wace rana?" In na faɗa sai ta ce, "To, yana nan tahe." Haushi ya ishe ni har na rasa wanda zan ji wa, ita ko shi.

Ranar Alhamis, rana ta yi ja za ta faɗi, muka ji ƙugin inji daga nesa. Shi kaɗai ne, ya bar Laminu a gari. Hannunsa duk ƙunar dalma, ya yini yana like radiyata, idanunsa sun faɗa. Ya durƙusa a waje ya ce in gaya wa Inna ya kawo. Ta ce in ce masa sai da safe, ɗumin yamma ba shaida ba ne.

Da muka idar da sallar asuba ya je ya ta da motar ya bar ta tana aiki. Sanyin ranar har haƙora na haɗuwa. Da allura ta hau, ya matso da ita daf da ƙofar gida. Ni da Furera muka tallabo Inna cikin bargo, ba ta fi ɗaurin kara nauyi ba. Ta ce mu tsaya. Ta fito da hannu ɗaya daga bargon, ta miƙa shi cikin motar, ta tara a bakin ramin. Ta juya bayan hannun, ta sake juyo tafin. Sannan ta ce, "Ku sa ni."

Muka zaunar da ita a tsakiya, shi a sitiyari, ni a bakin ƙofa. Tunda nake ban taɓa ganin su kusa da juna haka ba, kafaɗa na gogar kafaɗa. Ya ja mota a hankali, rairayi ya riƙe, muka wuce gonakin da ko kara babu. Ta fito da hannu biyu ta tara, ta miƙe ƙafafunta da suka yi wata ba su ji ɗumi ba. Tarin ya lafa. Har ta ce in sassauta mata bargon.

Mun wuce El Alasan, gabas ta fara haske, sai ta ce, "Zara'u, ki gaya ma wancan..." Ina jira in ji saƙon. Sai na ga ta juya kanta wajensa, ta dube shi, shi kansa, ta ce, "Na ji ɗumin. Allah shi yi maka albarka."

Motar ta ɗan karkace, ya mai da ita hanya. Ta jingina kai a kafaɗarsa ta lumshe ido, na ce a raina barci ne, gara ta huta.

Ban san daidai inda abin ya faru ba. Na dai san mun fara hango itatuwan Tasawa lokacin da na gyara mata bargo, na ga hannun da ta tara ya sauka a cinyarta, ƙirjin kuma ya daina kukan nan da na yi sati ina ji. Na kira ta, na sake kira. Na yi salati. Ɗan Azumi bai juyo ba, bai tsaya ba, hawaye na bin gemunsa yana tuƙi, ya ƙi motsa kafaɗar da kanta ke kai.

An ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yarda. Amma ni mutum ce, kuma har yau in na tuna satin nan da muka zubar saboda ɗan tagulla da garin kuka, zuciyata tafasa take yi. Wataƙila da mun kai ta wancan satin da allurar likita ta kama ta. Wataƙila da mun ɗauke ta da ƙarfi cikin sanyi da ta tafi tana fushi da mu, kamar yadda Baba ya tafi yana rawar ɗari. Na auna wannan na auna wancan shekaru da yawa, ban samu inda zan ajiye ba. Shi kuwa bai taɓa cewa komai a kai ba. Abin da na sani, daga ranar bai sake cire kalorsta ba. Ya zama shi kaɗai ne bakanike a Tasawa da ke mai da shi cikin mota, sauran suna yi masa dariya suna cewa tsufa ya taɓa shi, har ya bar aiki.

Amma a safiyar nan ba wannan nake tunani ba. Rana ta riga ta fito ta bugi gilashi, ga iskar zafi na ta hurowa, cikin motar ya zama kamar tanda, gumi na keto mini ta ko'ina. Ina kuka na miƙa hannu zan tura maɓallin in kashe. Ya kama mini wuyan hannu, bai dube ni ba.

"Bar mata shi," in ji shi. "Ba mu iso ba tukuna."